Sirdi Biyu a Gefen Tafkin Burera

Anastazi Ndayambaje ya fara hawa keke tun ƙafarsa ba ta gama kai feda ba. Mahaifinsa manomin dankalin Turawa ne a wani ƙauye da ke kan tudu, saman tafkin Burera, kuma a wancan zamani babu abin da ke kai dankali kasuwar Kidaho sai kan mutum ko bayan keke. Da ya tasa sai dakon ya zama sana'arsa. Ya ɗaure buhu biyu, ya gangaro da sassafe birki na kuka, ya dawo da gishiri da kananzir da saƙonnin mutanen gari. Da wannan keken ya auri Donatila, da shi ya rufe ɗakinsa da kwano. Shekarun da ƙasa ta rikice, kafin su gudu, ya shafe shi da baƙin mai, ya naɗe da buhuna, ya binne a gonar ayaba. Da suka dawo gidan ba ƙofa ba taga, amma keken na nan. Tayoyi kawai ya sake.

A kan hanyar Kidaho ya san Gakwaya, mai dakon madara. Gakwaya dogo ne siriri, bakinsa ba ya hutawa. Ndayambaje kuwa gajere ne kakkaura, ba ya magana sai ta kama. Duk inda suka haɗu sai an yi tsere, da kaya da komai. Gakwaya ya fi shi hawan tudu, shi ya fi Gakwaya gangara, don haka ba a taɓa raba gardamar ba.

Da girma ya zo, 'ya'ya suka karɓi gona, babura suka karɓe dako. Su biyun dai ba su ajiye keke ba. Kowace Lahadi in an tashi daga coci sukan cire kwat, su cusa ƙafar wando cikin safa, su bi kwaltar da ke ratsa tuddai saman ruwa. Hanyar shiru ce ranar Lahadi, sai ka yi nisa ba ka gamu da mota ba, sai mata masu dawowa daga ibada da shanu a gefen gonakin wake. A wani shago suke tsayawa su sha kindirmo, Gakwaya na ba mai shagon labarin yadda ya baro tsohon nan a baya.

Ciwon sukari ne ya taɓa idon Gakwaya. Ya daɗe yana ɓoyewa, har ranar da ya kutsa cikin garken awaki da rana tsaka, ya tashi da kurjewa a gwiwa yana zagin makiyayin da ba shi da laifi. A asibitin Musanze aka ce an makara. Kafin damina ta zagayo ba ya ganin komai sai haske da duhu. 'Yarsa Mukantwari ta rataye kekensa a jikin azara.

Ndayambaje ya gwada fita shi kaɗai, bai ji daɗinta ba. Sai ya koma zuwa gidan abokinsa ranar Lahadi. Yakan tarar da shi kan benci, ya juya fuska wajen tafki, ya yi tsit.

"Gajere, kai ne? Na ji kukan sarƙarka tun daga gada. Har yanzu rowar mai kake yi mata."

"Ni ne."

"An gyara ramin nan na kwanar makaranta?"

"Ba a gyara ba."

"To ba ni labari mana. Ka zo ka zauna kamar buhun dankali."

Ndayambaje bai iya ba da labari ba. Amma ya taɓa ganin wasu baƙi, mata da miji, sun wuce ta Kidaho a kan keke ɗaya mai sirdi biyu, kuma abin ya yi ta dawo masa. Da ya faɗa wa Donatila abin da yake son yi, sai ta ajiye waken da take ɓarewa.

"Baban Alifonsi, keken da ka binne kamar ɗan'uwanka, shi za ka kai a yanka?"

"Gabansa zai rage. Bayan na Gakwaya ne."

"In kun faɗa tafki fa?"

"Ai kin huta da wankin safa."

Ta harare shi, ta ci gaba da ɓare wakenta. Washegari ita ta je ta lallashi Mukantwari har ta sauko da keken babanta.

Wani mai walda a Musanze ya yi mako yana fama. Ya yanke bayan ɗaya, ya cire tayar gaban ɗayan, ya haɗa su da bututun ƙarfe, ya ƙara doguwar sarƙa. Abin ya fito da launi biyu, gaba baƙi, baya kore, ga nauyi kamar ɗan maraƙi. Gakwaya ya bi shi da hannu tun daga fitila har kariyar ɗaura kaya ta baya, ya tsaya a kan sirdinsa ya daɗe yana shafawa.

"Ni zan zauna gaba," in ji shi.

"Kai da ba ka gani?"

"Da idonka biyu ma yaushe ka iya tuƙi?"

Fitarsu ta farko a gonar wake ta ƙare. Sun iso kwana, Ndayambaje ya karkata dama, Gakwaya bai san da kwanar ba ya miƙe sak, suka kife a hankali cikin kunyoyin waken. Mai gonar ta zo da faɗa, da ta ga furfura biyu a ƙasa sai ta ɓuge da dariya ta taya su ɗaga keken.

"Ba laifina ba ne," Gakwaya ya ce yana kakkaɓe riga. "Mutum ya sa ni a baya ya yi gum. In kwana ce ka ce kwana. In rami ne ka ce rami. Bakin naka haya ka ba da shi?"

Dole Ndayambaje ya koyi magana. Da farko kalma ɗaya-ɗaya ce: dama, hagu, rami, tudu. Sannu a hankali ta ƙaru, don Gakwaya ba ya barin tambaya. Ya fara faɗa masa cewa hazo ya rufe kan dutsen Muhabura, masunta sun fito da kwalekwale, wane ya yi sabon rufi, dankalin bana ya yi fure da wuri. Donatila ta ce a shekarun aurensu duka ba ta ji muryar mijinta kamar yadda ake jin ta yanzu daga kan titi ba. Bakin Gakwaya ma ya dawo. Mai shagon kindirmo ya koma jin cewa duk gudun keken daga baya yake fitowa, na gaban ado ne.

Yau shekarunsu kusan biyar a haka. Gwiwoyin Ndayambaje sun fara ba shi wahala, musamman lokacin sanyi, kuma a dogon hawan da ke bayan makaranta kusan ɗora ƙafa kawai yake yi a kan feda. Gakwaya na ji a sarƙa, ba sai an gaya masa ba. Yakan sunkuyar da kai ya danna da ƙarfinsa duka har su kai ƙoli, yana haki.

"Sannu, dogo," in ji Ndayambaje.

"Riƙe sannunka. Faɗa mini ruwan yau wane launi ne."

"Toka-toka. Akwai hadari ta wajen tsibiri."

"To saki birkin nan mu riga shi zuwa shago."