Masu Anko a Bayan Bas

Duk wanda ya saba tsayawa a tashar Kazaure yana jiran motar Ɓaɓura ya san wata farar bas mai hoton maza biyu a bayanta. Sun sa fararen kaya iri ɗaya, sun riƙe hannun juna, taurari sun kewaye su, a ƙasa an rubuta "Zumunci har sama". Ni na zaɓi hoton nan. Mai motar bai san abin da yake yawo da shi ba, kuma duk ranar da na gan shi yana goge hoton da tsumma sai in ji sanyi har cikin raina.

Saboda autanmu na yi. Mu biyu ne muka rayu a ɗakin Inna a Ɓaɓura, ni da shi. Allah ya ba shi baki. Tun yana ƙarami yake kwaikwayon muryar kowa, daga mai tallan fura har gwaggonmu idan ta tashi faɗa. Da ya gama sakandare karatu bai ci gaba ba, sai wani Alhaji mai gidan kallo a bayan kasuwa ya ɗauke shi aikin fassara. A kawo fim ɗin Turawa, ya shiga wani ɗan ɗaki da kwamfuta da makirfo, ya danne maganarsu ya ɗora Hausa. Shi ne sarki, shi ne ɓarawo, shi ne tsohuwa, shi ne budurwa. Masu tura fina-finai a waya har daga Roni da Gwiwa suke zuwa ɗauka.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Abin da ba zai kallu a gaban manya ba, a yanke shi. Abin da bai yankuwa, a sauya masa magana. Giya ta koma lemo. Saurayi da budurwar da aka gani ɗaki ɗaya a ce ai tun bara aka ɗaura musu aure. Auta ya ƙware a wannan ɗinki, ba ka taɓa ganin inda ya haɗa.

Sai aka kawo wani fim mai dogon zango na 'yan sama jannati. Duniya ta bushe, mutane suka shiga wani ƙaton jirgi suna ratsa taurari suna neman inda za su zauna. A cikinsu akwai matuƙin jirgin, baƙi dogo, da wani farin mutum mai kula da lambun da ake nomawa a cikin jirgin. Kullum suna tare, ɗakinsu ma ɗaya.

Lokacin ina koyarwa a firamare a Kazaure, inda nake aure, ina zuwa gida jefi-jefi. Wata Asabar da rana Inna ta ba ni kwanon dambu in kai wa Auta wurin aiki. Na tarar ya tsayar da fim ɗin a wuri ɗaya, ya zuba masa ido. Matuƙi da mai lambu ne cikin fararen kaya, hannu cikin hannu, jama'ar jirgi sun taru suna murmushi.

Na ce, "Auta, su ma Sallah suke yi a saman?"

Ya ce, "Aure ake ɗaurawa, Yaya."

"To ina amaryar?"

Na sake duban hoton, sai na gane. Na yi a'uzubillahi, kwanon ya kusa suɓuce mini. Na ce ya yanke wannan abu tun kafin wani ya leƙo.

Ya ce, "Zan yanke."

Na ga idanunsa sun yi ja. Ban tambaye shi dalili ba a ranar, har yau kuma ban tambaya ba.

Ya yanke wurin, da duk wani wuri mai kama da shi. Sauran kuma ya ɗinke da dabara. Tunda ɗaya baƙi ne ɗaya fari, bai ce uwa ɗaya uba ɗaya ba, sai ya ce nono ɗaya suka sha, uwar matuƙi ce ta shayar da mai lambu yana maraya. Shi ke nan magana ta zauna daram. Gari ya ɗauka. Abokai suka riƙa kiran juna Matuƙi da Mai Lambu. Amma duk Ɓaɓura babu wanda ya kai Alhaji son mutanen nan. Ranar da aka nuna inda mai lambu ya fita wajen jirgi da igiya a ƙugu don ya ceto matuƙi, an ce Alhaji kuka ya yi a gaban 'yan kallo, yana cewa ga 'yan'uwa na gaskiya, ba irin nasa ba masu jiran ya mutu su ci gado.

Rigimar ta taso ne da Auta ya so buɗe nasa wurin. Ya je da ladabi ya gaya wa Alhaji, har da saƙon gaisuwa daga Baba. Alhaji ya yi murmushi, ya sa masa albarka. Ba a jima ba, wata rana bayan La'asar, ya zauna a majalisar dattawa ta ƙofar masallaci ya ciro waya. Ya kunna musu inda Auta yake muryar wata mace tana kuka.

Ya ce, "Ku saurara da kyau. Wannan namiji ne?"

Ya ƙara da cewa akwai abubuwan da ya gani a ɗakin fassarar nan da bakinsa ba zai iya maimaitawa ba. Bai faɗi abin da ya gani ba, babu kuma wanda ya ce ya faɗa. Muryar da suka shekara suna dariya da ita, ita ce ta zama shaida. Yara suka fara bin Auta da waƙa. Mai shayi ya ware masa kofi daban. Aka soma jifan kwanon rufin gidanmu. Baba, wanda ya gama aikin masinja a ƙaramar hukuma bai tara komai ba sai mutunci, ya daina ɗaga kai a hanya. Daga ƙarshe ya ce Auta ya ɗan ba da wuri har ƙura ta lafa. Ya hau bayan babur ɗin wani mai fataucin hatsi, ya tsallaka iyaka, ya yi Damagaram. Kwamfutar da duk aikin da ke cikinta suka zauna hannun Alhaji.

Ni ban san abin da ke zuciyar ƙanina ba, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da na sani, babu wanda ya kama shi da komai. Wani ne ya ji tsoron kasuwarsa za ta ragu, ya ɗauki kalmar da ya san ba ta wankuwa ya liƙa masa.

Ƙura ba ta lafa ba. Inna ta kwanta ciwo tana kiran sunansa, ta rasu bai zo ba, don Baba ya ce kada zuwansa ya ɓata zaman makoki. Alhaji kuwa ya zo ta'aziyya da babbar riga, ya zauna a kan tabarmarmu, ya ci abincin sadakar Inna har da neman ƙarin yaji. Ina leƙensa ta zaure. A ranar na yi wa kaina alkawari sai na ga bayan mutuncinsa, kamar yadda ya ga bayan namu.

Da muryar Auta ya yi arziki. Ya ci gaba da sayar da fassarar, har ya sayi bas ya sa a hanyar Kazaure zuwa Ɓaɓura, ranar kasuwa kuma ta wuce bakin iyaka. Da na fara ganinta sai da na tsaya cak. A bayanta ya sa an zana matuƙi da mai lambu, sun juya wa juna baya, kowa da bindiga. Na yi dariya ni kaɗai a tsakiyar tasha, har wata mai gyaɗa ta matsa gefe.

Na sayi data, na yi ta lalube har na samo fim ɗin na asali, wanda ba a taɓa ba. Na ajiye wurin ɗaurin auren a wayata. Shirina mai sauƙi ne. Ranar kasuwar Ɓaɓura in tura wa 'yan kamasho biyu, kafin La'asar ya shiga kowace waya a garin. Har abin da zan faɗa na tanada. Zan nuna bayan bas ɗin in ce, "Ku duba da kyau. Wanda yake yawo da wannan hoton, namiji ne?" Ina wanke-wanke ina maimaita shi, ina jin daɗinsa kamar alewa a baki.

Na kira Auta don in yi masa albishir. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Yaya, don Allah kar ki yi."

Na ce, "Au, tausayinsa kake ji? Mutumin da ya hana ka ganin gawar Inna?"

Ya ce, "Ba tausayinsa ba ne. Shi cewa zai yi na yaudare shi. Ya kankare fenti, ya yi sadaka, a wanke shi tas. Sunana ne zai sake tashi, Baba ya sake sunkuyar da kai. Kuma duk wanda ya taɓa cewa yana son mutanen nan biyu, za a fara yi masa wani kallo."

Ina jin hayaniyar babura ta bayansa. Sannan ya ce, "Akwai masu zama a bencin baya a gidan kallon nan, Yaya. Duk yankan da na yi, sun gane. Ba su da wani abu sai wannan. Ki bar musu."

Na yi jifa da wayar kan katifa. Haushinsa na ji, ba kaɗan ba. Ga wuƙa a hannuna, wanda aka yanka yana cewa in mayar da ita kube. Na bi maganarsa, amma ban yafe wa Alhaji ko ƙwayar gero ba.

Wata rana na taso daga makaranta sai na hango bas ɗin a wurin mai fenti, can gindin dutse. Rana ta cinye tsohon hoton, za a sake shi. Alhaji na zaune a benci yana ba da umarni. Na sauka daga a-daidaita-sahu, na gyara mayafi, na je na rusuna na gaishe shi, irin gaisuwar da ban taɓa yi masa ba.

Ya ce, "A'a, Malama ce? Ya ƙarin haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Alhaji. Hoton za a sabunta? Ni dai da za a ji tawa, da an rabu da na bindigogin nan. A wannan zamani mota da hoton 'yan bindiga, ai sai a yi ta tsayar da ita a hanya."

Ya ce wallahi ya yi wannan tunanin, wani hoton ne bai samu ba. Na ciro waya. Na riga na ɗauki hoton wurin ɗaurin auren a tsaye, ba motsi ba magana. Na miƙa masa.

Ya ce, "Kai! Har anko suka yi! Ya aka yi ban taɓa ganin nan ba?"

Na ce, "Ranar da aka ƙara musu girma ce. Bai shiga fassara ba."

Ya kira mai fenti. "Zo ka ga. Dubi yadda suka riƙe hannu. Yanzu ina ake samun 'yan'uwa irin waɗannan?"

To me zai sa ya yi zargi? A wurinmu aminai suna riƙe hannu daga masallaci har kasuwa, suna yanka shadda ɗaya ranar Sallah. Abin da ya saba gani shi ya gani. Ya ce a ƙara taurari, a fito da murmushin sosai. Shi da kansa ya zaɓi rubutun ƙasa. Da zan tafi ya ba ni goro, na karɓa da hannu biyu, na tauna shi a hanya, ban taɓa cin goro mai daɗinsa ba.

Tun daga nan bas ɗin take zirga-zirga. Alhaji ba ya yarda kwandasta ya wanke bayanta, wai zai goge fentin, shi yake yi da hannunsa. Yana tsayar da mutane ya nuna musu, ya yi musu wa'azin zumunci. Idan akwai waɗanda suka gane, ba su cewa komai. Wurin ɗaurin auren kuma yana nan a wayata, ban goge ba.

Bayan Babbar Sallah na shiga bas ɗin na je kasuwar bakin iyaka, inda muka yi da Auta za mu haɗu. Ya zo ya naɗe fuska da rawani irin na mutanen can, saboda 'yan Ɓaɓura sun cika kasuwar. Ya rame. Hausarsa ma ta fara karkata, yana ta lissafi da sefa. Ban gaya masa komai ba, na ja shi muka zagaya inda motoci suke lodi, na tsayar da shi a bayan farar bas.

Ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake dannewa a cikin rawani.

Ya ce, "Yaya, ke muguwa ce."

Na ce, "Kaɗan ma ka gani."

Ya miƙa hannu ya taɓa inda hannayen biyu suka haɗu, ya janye da sauri, don kwandasta ya fara buga ƙofa yana kiran Ɓaɓura, Kazaure. Ya tambaye ni ko har yanzu mota tana bi ta ƙofar gidanmu. Na ce tana bi, Baba ma yakan zauna a waje lokacin wucewarta.

Ya ce, "To madalla. Su dai an bar su sun shiga gari."

Na shiga na zauna a kujerar ƙarshe. Da muka tashi na waiwaya in ɗaga masa hannu, amma fentin ya rufe gilashin baya gaba ɗaya, ban gan shi ba.