Sesimani da Jirgin Palu

Tun Sesimani tana ƙarama take feɗe kifi a tsibirinsu na Ha'apai. Mahaifinta palu yake kamawa, jan kifin nan na can ƙasan teku, wanda sai an saki igiya har hannu ya gaji kafin ƙugiya ta kai gare shi. A wurinsa ta gane palu yana da lokaci: kafin ya zuba ƙwai cikinsa fal kitse, bayan nan sai ya rame, namansa ya yi salam.

Da tsohon ya rasu, jirgi ya koma hannun ƙanenta Lopeti. Shi ya kamo, ita ta gyara ta kai kasuwa. A haka ta yi aure, ta haifa, har ta aurar.

Sai wata shekara lokacin kitse ya zo, kifi bai yi ƙiba ba. Ta tsaga ciki, hanta ta motse kamar busasshen ganye. Da shekara ta zagayo, haka dai. Masu saye suka koma naman gwangwani. Ran nan Lopeti ya zo ya tsuguna a ƙofarta.

"Yaya, sayar da jirgin nan zan yi. Ana ɗibar masu tsinkar lemo a Ostireliya."

"Kai da ko bishiyar kwakwa ba ka iya hawa? Akwai tudun nan na ƙarƙashin ruwa da Baba yake zuwa can yamma. Nisa ne ya hana ku."

"Wa zai bi ni? Mutanena duk sun watse."

"Ni."

"Ke? Ko a jirgin fito amai kike yi!"

A wurinsu namiji ba ya ja da 'yar'uwarsa, sai ya tashi neman fetur.

Da suka fita teku, ta kuwa yi aman, har ta rasa na yi. Ta ɗaure ƙugunta a jikin jirgin, ta ci gaba da soka yankan kifi a ƙugiya. Palun can ma ba wani kitse, amma da dama-dama. Ta daina sayar da shi ɗanye. Sai ta naɗe shi a ganyen gwaza da madarar kwakwa, ta gasa a rami, ta bi gida-gida. Da wannan suka riƙe jirgin har shekarun ramar suka wuce, kifi ya koma maiƙonsa.

Yanzu ciwon gwiwa ya hana ta fita teku. Wasu mata biyu na ƙauyen ne suke bin Lopeti, ita kuwa tana bakin gaɓa a zaune, tana yi musu faɗa kan ɗaurin ƙugiya.