Furar Ɗan Wabi

Ni ce ta fari a ɗakinmu. Bayana Inna ta haifi uku, duk suka koma, kuma kowanne sai da ya rame ƙashi da fata kafin ya cika. Shi ya sa da ƙanena ya zo ya zauna, Inna ta ɗauki rama a matsayin sallamar mutuwa. Ɗan wabi ne, ba a hana shi komai, ba a ɗaga masa murya.

Furarsa daban ake damawa, da kindirmo da man shanu, a jefa sukarin da Baba ke kawowa daga Ɗan Issa. Mu kuwa tsala muke sha, mu gode Allah. Kifin tabki in an soya, mai kitsen nasa ne. Kafin ya shiga lakwal, makarantar boko, ya cika tabarma, matan unguwa na cewa tubarkalla, Inna na jin daɗi har kunne.

Ni da nake yi masa wanka, ni na fara ganin abin da ba na so. Bayan wuyansa ya yi baƙi, na dirza da soso har ya yi kuka, bai fita ba. In yara suka ruga bakin tabki, shi sai ya tsaya a rabin hanya, ya dafa gwiwa yana haki kamar wanda ya yi noman yini. Na taɓa sa tafin hannu a ƙirjinsa, na ji zuciyar na dukan uku-uku alhali a zaune yake. Tsoro ya kama ni, amma wa zan faɗa wa?

Ciwon kai ne ya sa Baba ya ce mu kai shi asibiti a Madarumfa. Lokotoro ya ɗaura masa wani ƙyalle a dantse, ya hura, ya sake hurawa, ya ɓata fuska. Ya ce jinin yaron ya hau irin na dattijo, kitse na wahalar da zuciyarsa. A rage mai da sukari, a bar shi ya yi guje-guje, in ba haka ba zai ja masa nan gaba. Ƙanena na zaune yana jin komai.

Da Inna muka je asibitin. Muna shiga gida ta fashe.

"Mi ya sani? Waɗanda suka tahi, da ƙiba suka tahi? Baki ne ya sa ma ɗana!"

Ta aika aka karɓo rubutun maganin baki, ta zuba a fura, ta ƙara man shanu fiye da kullum, ta miƙo mini ƙoƙon.

Na kai masa a gindin itacen bedi. Bai karɓa da sauri yadda ya saba ba. Ya dubi man da ke yawo a sama, ya dube ni.

"Yaya, in sha?"

Na yarda da maganar lokotoro har cikin raina. Amma na waiga na ga Inna tsaye a ƙofar ɗaki, idonta jajir, da irin fuskar da na gani sau uku a baya. Lokacin ban fi shekara goma sha uku ba.

Ƙanena bai kai talatin ba, zuciyar ce ta tsaya masa a gona. Na binne Inna da Baba na haƙura, amma har yau in na ga ana dama fura sai na ji muryata a gindin bedin nan, ina ce masa, "Sha."