Sunan Itacen da Nake Amsawa

Har yau in na ji akuya tana ɓarzar 'ya'yan kalgo, sai in tuna shekarar da na so in yar da sunana.

A Gwandu na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, Bafillatana mai sayar da nono. Mahaifina kuwa mutumin Kalgo ne. Da zai sa ni makaranta sai ya yi yadda ake yi a lokacin, ya liƙa mini sunan garinsu a bayan nawa. To, ka dai san halin yara. Kafin damina ta faɗi na zama "abincin awaki", wani ma da ya hango ni sai ya kama kukan akuya. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har na ce wa kaka gobe zan roƙi malam ya mayar da sunana Gwandu, kamar na sauran 'yan ajinmu.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haba maigidana! Gwandun ma ai gandu na, gonar manya. Ka gudu daga icce ka faɗa gona?"

Da la'asar ta ja ni bayan gari, inda danginta ke kiwo. Ƙasa na ƙamshin ruwan farko. Ta tsinko ganyen kalgo, mai kama da sawun raƙumi, ta danƙa mini.

"Mu barkehi muka ce mishi, iccen albarka. Ran sunanka da hannuna na ɗebo shi. Cikin ƙwaryar nono anka sa shi, da shi anka jiƙa kanka kahin aski. Ubanka garinsu kawai ya sani. Amma wanga suna, ni na riga shi ba ka."

Ban je wurin malam ba. Yara suka yi ta tsokana har suka gaji don kansu, ni kuwa ko a jikina.

Yanzu gidaje sun cinye makiyayar nan, kalgo sai an yi nisa ake samunsa. 'Ya'yana a birni aka haife su, ba sa jin Fillanci, Kalgo ma sai da salla suke ganinta. Duk da haka sunan suke amsawa, kuma ina jin daɗin hakan. Kowace haihuwa sai na bi daji na nemo ganyen, surukaina suna yi mini kallon mai abin mamaki. Kaka, Allah ya jiƙanta, ba ta ga ko ɗayansu ba, amma dukkansu da ganyenta aka yi musu aski.