Bututun gidan burodi

Ranar wata Laraba ce bayan la'asar, tsakiyar damina, a shekarun da garin nan ake ce masa Abuja, kafin a ba sabon babban birnin ƙasa sunan. Mu huɗu ne a zauren mai unguwa a Kurmin Sarki: shi, da mahaifina, da ni, da Alhajin da ke da gidan burodi a gangaren gidanmu.

Mahaifiyata na fama da fuka. Itacen damina a jiƙe yake, don haka ma'aikatan Alhaji sukan yanka tsohuwar taya su tada wutar tanderu da ita. Baƙin hayaƙi ya cika lungu, mahaifiyata kuma ta yini zaune tana neman numfashi.

Mahaifina bai ce taya ba, bai ce fuka ba. Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, mai ɗakina ba ta jin daɗin iskar safe."

Alhaji ya yi dariya. "Malam, shekara nawa kana cin burodina da shayi, yau ka gano da wuta ake gasa shi?" Da ya ga ba wanda ya taya shi, ya gyara zama. "Ku ba ni mako guda. Sama zan kai hayaƙin, inda ba kowa."

Ya cika alkawari. Ya kira mai walda, aka fasa gindin ganguna uku na mai, aka haɗa su aka ɗora kan tanderun. Lungu ya washe. Mutane suka riƙa tsayawa suna yi masa barka.

Abin da ba wanda ya auna shi ne gidanmu a kan tudu yake. Bakin sabon bututun ya zo daidai da tagar ɗakin mahaifiyata. Hayaƙin da a da yakan watse a ƙasa, yanzu kai tsaye yake shigo mata.

Na ce mu koma wurin mai unguwa. Mahaifina ya ce, "Mutum ya yi mana abin da muka roƙa, gaban jama'a. Da wane baki zan ce ya sauke?"

Muka toshe tagar da buhu, bai hana ba. Kafin kaka aka kai ta gidan yayanta a Chaza, aka ce wa maƙwabta ziyara ta je. Can ta yi damina biyu, can aka binne ta.