Bakan Da Aka Sauke Bai Gama Shan Mai Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran yayana, Malam Ishiyaku Mai Baka na Sundimina, bayan jinyar da ta cinye masa damina guda. Ina gida a Gwaram waya ta same ni. Kafin in isa an yi masa wanka, da la'asar muka kai shi makwancinsa.

Yaya, jama'a sun zo, kuma sun yi ta yabonka. Na zauna a tabarma ina jin mutanen da suka daina yi maka sallama a zaure suna cewa ba a taɓa mai sassaƙa baka irinka ba a ƙasar Birnin Kudu. Na amsa gaisuwarsu, don haka aka koya mana. Amma raina a ɓace yake, kuma har da kai a cikin waɗanda suka ɓata shi.

Alherinka ba sai na ƙirƙiro ba. Lokacin da kake fita farauta, ba ka shiga gida da nama sai ka biya ta gidajen da babu namiji. Makiyayin da tsarkiyarsa ta tsinke a hanya, kai kake murza masa wata, ka haɗa masa da fura. Da aka ɗauke ni aikin gona na gwamnati a Gwaram, kai ka riƙe gonar mahaifinmu, kuma ba kakar da buhuna bai iso ni ba, har shekarar da fari ya ƙone gero.

Abu ɗaya ne ba ka yi wa kowa alfarma a kai, wato jiran baka. In ka gama sassaƙa itacen dargaza, ka goge ta ta yi sumul, sai ka ɗumama man kaɗe ka shafa, ka rataye a inuwar zaure. In itacen ya shanye ka ƙara, ka sake ratayewa. Ba ka ɗaura tsarkiya sai ƙyallin man ya mutu, ka goga farar auduga ta fito fes. Ka sha gaya mana cewa bakan da ke ƙyalli ɗanye ne, man yana kwance a bayansa bai shiga ba. Da bazara abin ba ya jimawa, da damina kuwa sai ranar da Allah Ya yi. In mai baka ya matsa ya ce yaushe, amsarka ɗaya ce, "Ba ni ke shan man ba." Mu kan tsokane ka mu ce wanda ya ba ka aikin baka, jikansa ya yi wa tanadi. Kai kuma sai ka yi dariya ka ci gaba da gugarka.

To, ga abin da ya faru a daminar nan ta shekarun baya, wanda ka hana ni faɗa. Birai sun sauko daga duwatsu sun addabi masarar mutanen Unguwar Ya. Wani maharbinsu, Ƙasimu, ya ba ka aikin baka, kullum yana aike. Ka ce bai yi ba, iska da laima, man bai shiga ba. Ƙasimu abokin Yahuza ne, shi kuwa Yahuza surukinka ne, mijin 'yarka ta fari, Juwairiyya. Sai Yahuza ya bugi ƙirji ya ce shi zai karɓo masa. Ya zo ranar kasuwar Gwaram, kana wurina ka zo sayen fata. Ya tarar da bakan a rataye yana walƙiya, ya ɗauka aiki ya ƙare, tsoho ne kawai ke jan rai. Ya sa hannu ya sauke.

Matarka Mairo tana tsakar gida, ta hango shi ta ƙofar zaure. Ta san bakan bai yi ba. Amma tun da aka ɗaura auren nan ba ta taɓa haɗa ido da Yahuza ba, balle ta kira shi ta ce ajiye. Ta shige ɗaki tana neman wanda za ta aika, kafin ta samu har ya tada babur.

Washegari Ƙasimu ya ɗaura tsarkiya ya ja. Tsagar kan bakan na da santsin mai, tsarkiyar ta zame, itacen ya dawo ya same shi a fuska. Idonsa na hagu bai sake gani ba. Da aka tambayi Yahuza, cewa ya yi kai ka miƙa masa da hannunka.

Na zo Sundimina a fusace na ce mu tara mutane a faɗi gaskiya. Sai ka ce, "Abdulsamad, in na ƙaryata shi a gaban jama'a, a wane ɗaki Juwairiyya za ta kwana?" Na ce sunanka fa? Ka ce kai ka tsufa, ita yanzu ta fara. Ka sa na yi maka alkawarin ba zan buɗe baki ba muddin kana numfashi. Sannan ka ɗauki sandarka ka tafi Unguwar Ya ka ba Ƙasimu haƙuri a kan laifin da ba ka yi ba.

Daga nan magana ta bazu cewa hannun Ishiyaku ya mutu, bakansa na cire ido. Maharba suka koma wasu garuruwa. Makiyayan da ka yi wa kyautar tsarkiya suka riƙa wucewa ta bayan gida. Ka koma gyaran ƙotar fartanya, kai da ake zuwa nema daga ƙasar Bauchi. Yahuza kuma yana zuwa gaisuwar salla, ya durƙusa, ka sa masa albarka. Ban taɓa jin ya ce maka ko da "yi haƙuri" ba. Wannan kawaicin naka mutane za su kira shi dattako. Ni na ga abin da ya yi maka, ya rame da kai tun kafin ciwo ya zo, kuma har yau ban yafe wa kawaicin ba.

Ranar sadakar uku, Juwairiyya ta sa aka kira ni bayan ɗakin uwarta. Ashe sai a daren da ka rasu Mairo ta iya gaya mata abin da ta gani. Idonta a bushe ta ce, "Baffa, an ce kana rubutu a kan Baba. Ka rubuta da sunan kowa." Na ce ta san abin da zai iya biyo baya? Ta ce, "Na sani. Baba ma ya sani ya ɗauka. Ya isa haka."

Shi ya sa na rubuta. Mutanen Sundimina da Unguwar Ya da Gwaram su ji: Ishiyaku bai taɓa ba kowa ɗanyen baka ba. Ƙasimu, ka yi rashin ido, kuma ka riƙe mutumin da bai cuce ka ba. Yahuza, kana da rai, kana da baki, masallacin Juma'a kuma ba nisa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Ishiyaku, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka saka masa da Aljanna Firdausi a kan abin da ya haɗiye. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mairo, wadda ta ɗauki nata nauyin ita kaɗai, da 'ya'ya da jikoki da dukan dangi. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Juwairiyya kuwa ta koma ɗakinta jiya, ban san abin da za ta tarar ba in wannan rubutu ya isa can. Allah Ka tsare mata aurenta, domin saboda shi ubanta ya shiga kabari da sunan da ba nasa ba.

Abdulsamad, ƙanin marigayi, Gwaram.