Garin da Ya Maƙale a Injin Siminti

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo Desanka ta yi a ɗakin yaye na gonar haɗin gwiwar ƙauyenmu, a yankin Banat, tana raba 'yan aladu da nonon uwa tana koya musu cin tsaki. Da gonar ta rushe, manya suka tafi da filaye da taraktoci, ita kuwa ta tafi da takardar yabo da ciwon gwiwa. Ta koma bayan gidanta da aladu mata uku. Duk wanda zai sayi ɗan alade a watan Afrilu don ya kiwata ya yanka a Nuwamba, ƙofarta yake fara bugawa. Ba a ɗagawa, ba a aunawa. An ce na Desa ne, magana ta ƙare.

Bara maƙwabta suka fara yamutsa fuska saboda zarni. Zorka, likitar dabbobi, ta zo ta ce waken suya ne ya yi yawa a abincin. Abin da jikin ɗan alade bai ɗauka ba fitsari yake bi, shi ne ke hawa hanci. A rage waken, a cike gurbinsa da wani farin gari da ake kira laisin, 'yan cokula a buhu guda. Desanka ba ta yi musu ba, don hancinta ya daɗe yana gaya mata haka. Garin ma ta san yadda ake bi da shi: cokali a juya cikin kwano, kwano cikin bokiti, bokiti cikin buhu, har kowane baki ya samu rabonsa.

Sai surukinta Radivoj ya shigo maganar. Magini ne, mai tumbi da ra'ayi a kan komai, daga ƙwallo har aikin tiyata. Ya ganta durƙushe tana juya dusa, ya ce haba Mama, wannan ai aikin zamanin kakanni ne, ga injin kwaɓa siminti a zaune. Gwiwa na ciwo, ta bar masa.

Mako shida, 'yan aladun suka rame, suka koma dogon baki da tsayayyen gashi, suna cizon wutsiyar juna. A bencin ƙofar kanti, tsofaffin da ko kaza ba su taɓa rayawa ba suka buɗe kotu da kwalaben giya. Wani ya ce rowa ce ta kama ta, wani ya ce tsufa. Radivoj ɗin nan, da bakinsa, ya ce shi ma ya faɗa mata, alade ba ya girma da hodar kwalliya. Milutin mai gyaran keke, wanda ya shekara goma sha tara yana saye a wurinta, ya wuce ta gaban gidan da buhun ɗauko ɗan alade a bayan keke ya nufi ƙauyen gaba. Ko kallon ƙofa bai yi ba.

Ta duba ruwa. Ta ba da maganin tsutsa. Ta shinshina masara ko ta yi fumfuna. Ledar laisin kuwa raguwa take yi daidai yadda ya kamata. To ina garin yake zuwa?

Wata Asabar da safe ta tsaya ta ga yadda ake aikin. Radivoj ya wanke injin da tiyo, bai jira ya bushe ba, ya fara watsa garin a ciki, ya bi shi da masara, ya kunna minti biyu yana waya. Da ya tafi ta naɗe hannun riga ta zura hannu cikin injin har kafaɗa. Ga shi nan, ɓawo mai kaurin yatsa, manne a bayan ƙarafan da ke juya kwaɓi. Garin mako shida, injin ne ya ci.

Ta kankare shi tas a farantin tarbar baƙi mai zanen fure. Ran Lahadi, bayan an sha miya, ta ajiye wa Radivoj a gaba da cokali mai yatsu.

"Ci, ɗana. Naka ne. Injinka ya ƙoshi."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce to Mama, duka cokali nawa ne. 'Yarta ta sunkuyar da kai cikin kwano.

Labari ya kai benci kafin la'asar. Suka yi ta ƙyaƙyatawa, suka saya wa Radivoj giya, wai shi ne mutum na farko da ya kiwata injin siminti. A cikinsu babu wanda ya tako ya ce Desa, mun ci namanki a banza. Ta koma kan 'yar kujerarta da kwano da bokiti, gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Zarni ya ragu, haihuwar gaba ta fito sumul, kamar an shafa musu mai.

Sai ga Milutin da buhunsa. Ya leƙa, ya nuna ɗaya, sannan ya yi gyaran murya ya ce ko za a ɗan ɗora shi a sikeli, maƙwabciya, don dai a gani.

Ta kama ɗan aladen ta ƙafar baya, ta ɗora. Allura ta wuce kilo ashirin da biyar.

"Ka gani?"

Ya ce ya gani, har ya buɗe bakin buhu. Ta sauke ɗan aladen ta mayar da shi cikin 'yan uwansa, ta ja sakata.